Matambayi Ba Ya Ɓata: Farin garin da ke ramewa sau uku a cikin tanderu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tunda na ambaci okzalet, wani gishirin sinadari da ake samu a gwaza da alayyafo, a fitowar da ta wuce, lokacin da muke maganar tsakuwar ƙoda, saƙonni suka yi ta shigowa kamar an buɗe famfo, yawanci daga ɗalibai masu firojek. Na zaɓi guda huɗu. Wanda lissafi ke sa wa ciwon kai ya tsallaka zuwa ta uku, can maganar gwaza ake.

TAMBAYA TA 1

Malam ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce aji huɗu sashen kemistiri, a firojek ɗina an bani kalsiyam okzalet in kai a saka a injin TGA, toh sakamakon ya dawo kuma wallahi ya ruɗa ni. Littafi yace ruwan zai fita tsakanin digiri 100 da 200, sai mataki na biyu wajen 400 zuwa 500, na uku ya ƙare kafin 800, amma nawa komai ya matsa gaba, na ƙarshen bai gama ba sai da ya wuce 850. Nauyin da ya ragu kuma kashi 12.6 ne, sai 19.0, sai 29.9. Mai injin yace miligiram 30 ya zuba kuma digiri 20 a minti ya sa saboda kar a ɗauke wuta. Sufabaiza na yace in sake, gashi kowane samfur kuɗi ake biya. Dan Allah garin nawa ne ya lalace ko injin ne ba lafiya?
Wata ɗaliba, ta WhatsApp

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, garinki lafiyarsa ƙalau, injin ma haka, inaga in kika kai wa sufabaizanki lissafin da zan nuna miki yanzu zai barki ki wuce.

Bari dai in fara da masu karatun da basu taɓa ganin injin ba. TGA ba wani tsafi bane, sikeli ne aka aura wa tanderu. Ana zuba gari kamar miligiram 10, kusan nauyin ƙwayar gero ɗaya kenan, a wani ɗan ƙoƙo na filatinam ko alumina wanda bai kai murfin biro ba, a rufe tanderu, a dinga hura iska ta ciki, ko wadda muke shaƙa ko naitirojin zalla, sai zafi ya dinga hawa a hankali kwamfuta kuma tana rubuta nauyin ba ta ko ƙiftawa. Giraf ɗin da zai fito kamar matakalar bene yake in ana saukowa, fili sai gangara, fili sai gangara. Duk gangara ɗaya wani abu ne ya zama iska ya tsere daga cikin garin.

Yanzu ɗauko biro. Kalsiyam okzalet mai ruwa ɗaya, CaC2O4·H2O, nauyin mol ɗinsa, wato jimillar nauyin atom ɗin da suka haɗa shi, 146.1 ne. Ruwa 18 ne, in kika raba 18 da 146.1 zai baki kashi 12.3 cikin 100, gangarar farko kenan, ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayar garin ne ya fita. Na biyu kabon monoksaid ne, CO, nauyinsa 28, kashi 19.2 kenan, abin da ya rage a ƙoƙon ya zama kalsiyam kabonet, wato irin sinadarin dutsen farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Na uku kabon dayoksaid ne, CO2, nauyinsa 44, kashi 30.1. Abin da wuta ta bari a ƙarshe kalsiyam oksaid ne, CaO, kashi 38.4. In da miligiram 10 aka fara, zai sauka 8.77, ya sauka 6.85, ya tsaya a 3.84, ko za a kwana ana hura masa wuta a digiri 1000 ba zai ƙara ramewa ba.

Toh duba naki: 12.6, 19.0, 29.9. Me kike nema kuma? Ɗan ƙarin da kika gani a matakin farko laima ce garin ya sha, musamman in da damina aka ajiye kwalbar ba a rufe da kyau ba, kuma kinga tunda laima ta ƙara wa nauyin farko sai sauran biyun suka ɗan yi ƙasa kaɗan. Lissafin ya zauna daram.

Matsalar da ɗalibai ke samu itace suna ɗaukar lambar zafin da ke littafi kamar aya, kamar yadda ruwa ke tafasa a digiri 100. Ba haka bane. Rugujewar gari abu ne mai cin lokaci, kuma abin da ke auna zafin yana gefen ƙoƙon ne ko ƙarƙashinsa, ba a tsakiyar garin yake ba. In kika gasa rogo a wuta mai ƙarfi, waje zai ƙone ciki ɗanye. Mai injinku ya ninka saurin wutar sau biyu a kan yadda aka saba ya kuma ninka garin sau uku, toh tanderu ya kai 500 amma tsakiyar tulin garin bai kai ba tukuna, kafin ya gama aikinsa allon kwamfuta ya riga ya wuce gaba, shi yasa komai ya matsa dama. Matakin ƙarshe shi ya fi kowa wannan halin don shi yana iya komawa baya, CaO in ya ga CO2 a kusa sai ya sake kama shi, saboda haka in garin ya yi tudu a ƙoƙo mai zurfi, ko iskar da ake hurawa ba ta da ƙarfin share CO2 ɗin, sai ya dinga jan ƙafa. In ma CO2 zalla aka cika tanderun da shi sai an kai kusan digiri 900 kafin ya saki. Wannan matakin na uku shine dai abin da ke faruwa da dutsen farar ƙasa a tanderun siminti na Kalambaina da Ashaka da Malbaza, su da tirela suke aunawa ke da ƙwayar gero.

Saboda haka kashi nawa ya fita, wannan na garin ne, ba ya canzawa. A digiri nawa ya fita kuma, wannan na yadda aka yi gwajin ne. A rahotonki ki rubuta nauyin samfur, saurin wuta, irin iskar da yawan da ake hurawa, da irin ƙoƙon, shikenan ba mai kama ki. Ni giraf ɗin da ba a rubuta waɗannan a ƙarƙashinsa ba bana ko tsayawa karanta shi.

Kuma ba banza aka baki wannan garin ba. Wani Bajapane, Kotaro Honda, shi ya ƙera sikelin tanderu na farko a 1915 a jami'ar Tohoku, daga baya wajen shekarun 1940 zuwa 1950 Clément Duval a Faransa ya bi ɗaruruwan sinadaran da masu awon kemistiri ke busarwa suna aunawa, yana duba a wane zafi ne nauyinsu ke tsayawa cak. Kalsiyam okzalet na cikinsu, kuma matakalarsa ta fito tsaf, uku a rarrabe ba mai hawa kan wani, tun daga nan ya zama da shi ake gwada lafiyar injin. In injin ya baki 12, 19, 30 to sikelinsa na da gaskiya.

Abu ɗaya da zan so ki tambaya: wace iska aka hura? Sikeli yana faɗa miki nawa ya fita ne kawai, baya faɗin mene ne ya fita, baya kuma faɗin ko garin zafi ya sha ko zafi ya fitar. Wannan aikin DTA ne ko DSC, su suna kwatanta ƙoƙonki da wani ƙoƙon da ba abin da ke faruwa a cikinsa, yawancin injinan yanzu ma a haɗe suke zuwa. A cikin naitirojin duk matakan uku shan zafi suke. A cikin iskar da muke shaƙa kuwa mataki na biyu sai ya juye ya zama mai fitar da zafi, don CO ɗin yana fitowa yake haɗuwa da oksijin ya ƙone a bakin ƙoƙon. Nauyin da aka rasa ɗaya ne, 19.2, amma tsinin DTA ya kalli wani ɓangaren daban. Na ga ɗalibai da yawa sun ɗauka injin ne ya haukace. Sannan in a naitirojin ne kika tsayar da gwajin wajen 550 kika leƙa, zaki iya ganin garin ya yi toka-toka maimakon fari, wani ɓangare na CO ne ya rabu ya bar baƙin kabon a jiki.

TAMBAYA TA 2

Salam Malam. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Mun gasa okzalet na ƙarfe, wannan mai ruwan ɗorawa, a cikin bututun gilas muna hura naitirojin, ya koma baƙi ƙirin, da na juye shi a takarda sai ga tartsatsi, takardar ta kama, garin kuma ya koma ja kamar jan ƙasa. Allah ya tsare dai. Sannan na nikel ya bar mana kashi 32 a naitirojin amma kashi 41 a iska. Ya abu ɗaya zai bada amsa biyu?
Wani mai karatu daga jihar Bauchi

AMSA

Ɗan'uwa Allah ya ƙara tsarewa, amma gaskiya laifin takardar nan naka ne, zan dawo kanta.

Okzalet ba duka halinsu ɗaya ba, ya danganta da yadda ƙarfen da ke ciki yake riƙe oksijin. Su sodiyam, kalsiyam, sitrontiyam da bariyam CO suke fara saki su zama kabonet, na bariyam ma taurin kai gare shi, sai an haura digiri 1000 yake sakin CO2. Magniziyam ɗan gidansu ne amma shi baya tsayawa a kabonet, don a zafin da okzalet ɗin ke rugujewa kabonet ɗinsa ba zai iya rayuwa ba, sai ya zubar da CO da CO2 a tare ya tafi MgO kai tsaye, matakala biyu kenan maimakon uku. Da wannan bambancin ake iya gane nawa ne kalsiyam nawa ne magniziyam in an gauraya su. Zink ma oksaid yake tafiya. Su nikel, kobalt da jan ƙarfe kuwa riƙonsu da oksijin sako-sako ne, in ba oksijin a tanderun sai okzalet ɗin ya tattara nasa duka ya fita a matsayin CO2 guda biyu, ya bar ƙarfen tsirara.

Lissafa naka. NiC2O4·2H2O nauyinsa 182.7. Nikel zalla 58.7, kashi 32.1 kenan. NiO kuma 74.7, kashi 40.9. Kaga amsoshinka biyun duk daidai ne, a naitirojin ƙarfe ka samu, a iska oksaid ka samu. Har ma in naitirojin ɗinku na da ɗan yoyo, ko ba a jira ya kori iskar da ke cikin tanderun ba kafin a kunna wuta, zaka ga giraf ya sauka sannan ya fara hawa sama kamar garin na ƙiba, oksijin ne ƙarfen ke kamawa. Duk wanda ya ga haka ya duba tiyo da mahaɗa kafin ya fara rubuta sabon bincike.

Na baƙin ƙarfe, wato mai ruwan ɗorawan da ka gasa, shi a tsakiya yake. A iska yana ƙarewa a Fe2O3, kashi 44.4 na nauyin farko, shine jan da ka gani. In ba oksijin kuma baƙin gari yake bari, gaurayen FeO da Fe3O4 da ƙarfe zalla, gwargwadon zafi da iskar da ke wurin. Wannan baƙin garin ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta ƙwarai, duk jikinsu ramuka ne inda gas ya fasa ya fita, toh tsatsar da ƙusa ke ɗaukar damina guda tana yi shi cikin daƙiƙa yake yinta, zafin ya taru lokaci ɗaya ya zama wuta. Gungume sai an sha wahala yake kamawa, amma ƙaiƙayi ashana ɗaya ta ishe shi. Wannan tsohon wasan malaman kemistiri ne ma, a yayyafa garin daga sama a ɗaki mai duhu ɗalibai su ga ruwan tartsatsi, amma akan tire na ƙarfe ko yashi ake yi ba akan takarda ba.

In zaku sake, ku bar shi ya huce sarai naitirojin na tafiya, ku buɗe a hankali, kar a juye a kwandon shara. Ƙurar nikel kuma ba abin shaƙa bace. CO ɗin da ke fita daga miligiram 10 bai kai miligiram 2 ba, amma ku da kuke gasa cokali-cokali a bututu, gubar hayaƙin janareta ce fa, a yi a inda ake zuƙe hayaƙi. Sannan dan Allah kar wani ya ce bari ya gwada na azurfa don ya ga azurfa ta fito. Okzalet na azurfa fashewa yake wajen digiri 140, ko gugarsa aka yi da ƙarfi yana iya tashi.

Wani abu kuma ga masu haɗa TGA da injin da ke gane gas ta nauyinsa: CO 28 ne, naitirojin ma 28 ne, in da naitirojin kuke hurawa CO zai ɓace a cikin taro. A sa agon ko hiliyam.

TAMBAYA TA 3

Malam barka da aiki. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ina bin shafinka. Kace abin da ke sa gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro shine yake zama tsakuwar ƙoda, kuma naji ɗana yana cewa wuta na kashe shi. Maigidana likita yace yana da tsakuwar. In na dafa gwaza da alayyafo sosai ya mutu kenan? Kuma in yana shan ruwan zafi zai narkar masa da ita?
Wata uwa daga Maraɗi

AMSA

Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ba maigida lafiya. Ɗanki ya faɗi gaskiya amma rabinta. Wuta na rugurguza shi, sai dai wutar da ta kai digiri 400. Tukunyarki in tana tafasa 100 ce, man suya ma bai cika kai 200 ba, saboda haka ko kwana gwaza ta yi a murhu kalsiyam okzalet ɗin yana nan.

Abin da ke cikin gwaza wasu 'yan allurai ne da ido baya gani, in aka duba a madubin ƙara girma zaki gansu a ɗaure kamar damin tsintsiya, su ke sukan maƙogwaro da hannun mai feraya. Dahuwa tana rage ƙaiƙayin sosai, masu bincike da yawa na danganta hakan da wani furotin da ke tafiya tare da alluran wanda zafi ke lalatawa, amma ba wai gishirin ne ya ƙone ba.

Ga inda dahuwa ke da amfani. Okzalet iri biyu ne a ganye, akwai wanda ya riga ya kama kalsiyam, shi baya narkewa, yawancinsa wucewa yake ta hanji ya fita, akwai kuma mai narkewa a ruwa, shine jiki ke tsotsa ya kai ƙoda. Alayyafo na da shi da yawa. In kika tafasa ganyen kika zubar da ruwan farko kin rage mai narkewan, abin da iyayenmu ke yi kenan tun ba a san sunansa ba. Kuma kar ace za a hana shi nono don an ji tsakuwar kalsiyam ce, mutane na yin wannan kuskuren, ai in kalsiyam na cikin abincin tun a hanji zai kama okzalet ɗin su fita tare kafin ya isa ƙoda.

Ruwan zafi kuma baya narkar da ita Hajiya, lita guda ta ruwa ko miligiram 10 na wannan gishirin ba ta narkarwa, kuma kafin ruwan ya isa ƙoda ya koma zafin jiki. Yawan ruwan shine magana, mai sanyi ko mai ɗumi, don fitsari ya tsinke kar gishirin ya samu damar daskarewa, balle a zafin Maraɗi na watan Afrilu da mutum ke zubar da rabin abin da ya sha ta gumi. In tsakuwar ta fita da kanta kar a yar, a wanke a kai wa likita. Mafi yawan tsakuwar ƙoda kalsiyam okzalet ce amma ba duka ba, kuma maganin kowacce daban. Ko ita ɗin kala biyu ce, mai ruwa ɗaya da mai ruwa biyu, injin da muka yi magana a sama yana iya raba su, ta farko kashi 12 take rasawa a gangarar farko, ta biyu kusan 22. Mai ruwa ɗayan ta fi tauri, ita ta fi ba injin fasa tsakuwa wahala.

TAMBAYA TA 4

Malam ni fa gaskiya banga amfanin ƙona gari ana kallon sikeli ba. Wannan zai kawo kuɗi?
Ɗan aji biyu, ta Facebook

AMSA

Ɗana, wayar da ka turo min saƙon da ita cike take da ɗaruruwan ƙananan kafasito, wato 'yan ma'ajiyar wutar lantarki, na bariyam taitanet, kuma ɗaya daga hanyoyin samun garinsa mai tsabta shine a haɗa bariyam da taitaniyam a okzalet guda sannan a gasa. Dalilin da yasa masana'antu ke son okzalet kenan, na irin waɗannan ƙarafan baya narkewa a ruwa saboda haka yana da sauƙin tacewa, in an gasa shi kuma duk abin da ba ƙarfe ba ya zama gas ya tafi, ba toka ba datti, sai gari mai laushi. Haka ake yi wa su niyodimiyam da ake maganaɗisun lasifika da injinan motocin lantarki da shi, a kwantar da su a matsayin okzalet a gasa su zama oksaid. A masana'antar nukiliya ta La Hague a Faransa ma ta wannan hanyar ake mayar da fulutoniyam gari. Okzalet na ƙarfen da ya ƙona wa ɗan'uwanmu takarda yana cikin kayan da ake iya haɗa batirin litiyam irin na sola da su. Duk mai irin wannan tanderun sai ya san a digiri nawa zai tsaya da kuma wace iska zai hura, in ya yi ƙasa aiki bai gama ba, in ya zarce ƙwayoyin su manne ya yi asarar gas da kaya, kuma da ƙwayar gero ɗaya a sikelin nan ake fara sanin hakan.

Maganar ko yana kawo kuɗi kuwa, masu injin kan kowane samfur suke karɓa, tambayi yayarka mai tambaya ta farko.